Ciwon barci da kunyar 'yar fari

Jama'a, shekara sittin da ɗoriya ina riƙe da wannan magana. Yau dai zan amayar da ita, kafin tsufa ya kwashe saura.

Ina 'yar shekara tara a ƙauyenmu kusa da Tudun Wada, tun kafin a samu 'yancin kai, barci ya fara sace ni. Da lomar tuwo a hannu sai in tafi. A mafarki in ga rafinmu yana ratsa tsakar gida, dawa na tsirowa cikin ruwan, ni kuwa ina takawa a kai ba nauyi. Wallahi daɗi nake ji, ashe mutuwa ce ke lallaɓowa.

Masu duba ciwon barci suka zo, aka jera mu a gindin tsamiya. Malamin asibiti ya laluba wuyana, ya soka allura a kaluluwa, ya leƙa madubinsa na duba ƙwayoyin cuta. Bai ga komai ba. Ya tambayi Inna ko ina yawan barci.

Ni ce 'yar fari. A wurinmu uwa ba ta kama sunan ɗan fari, balle ta nuna damuwa da shi a bainar jama'a. Inna ta sunkuyar da kai, ta ce ba ta lura ba.

Da wani ne, da ya sallame mu, don har an ɗora wa jakunansu kaya. Shi kuwa ya tambaya ko ni ce ta fari. Da aka ce e, ya sa mutane suka ja baya, ya sassauta murya.

"Madubina bai gani ba, amma ban ce babu ba. Kin fi ni sanin yarinyar nan. In kika yi shiru, lafiya zan rubuta mu wuce."

Ina jin su kamar daga cikin rijiya. Sai Inna ta kama sunana, ta ce, "Hajara ta yi wata uku ba ta gama cin tuwonta ba." Ta zayyano komai, har ranar da zazzaɓi ya fara.

Aka kai ni asibiti, aka ɗebi ruwan ƙashin bayana, sai ga ciwon. Baba ya sayar da akuyarsa don guzuri. Na sha allurai masu azabar zafi. Wadda ke gadon kusa da ni ba ta farka ba, na ji tsoro matuƙa.

Alhamdu lillahi, na tashi. Allah Ya jiƙan malamin nan.

Don Allah, in likita ya tambaye ku, ku ajiye kunya ku faɗi abin da kuka gani. In ya ce bai tabbata ba, kada ku raina shi.

Har Inna ta koma ga Allah, ba ta ƙara kama sunana ba. Sau ɗayan nan ya ishe ni.