Ranar da Aka Tambayi Inna a Zaure

Ko zan manta komai na ƙuruciyata, ban da ranar da aka ɗauke ni daga Kahu. Iyayena sun rabu tun ana yaye ni, aka bar ni wajen Inna, mahaifiyata, a gidan kakana. Baba ɗinki yake yi a Rano, duk sallah yakan zo a keke da sabuwar riga, ya shafa kaina, ya koma. Shekara tara ana haka, babu wanda ya ce uffan.

Shekarar da aka samu 'yancin kai, bayan an gama cire gyaɗa, sai ga shi ba sallah ba. So yake ya tafi da ni ya sa ni makarantar boko. Kaka ya sa aka kira Inna, ta durƙusa daga bayan ƙofar zaure, ni kuma ina zaune kusa da keken.

Baba ya ce, "Malam, ba da ƙarfi na zo ba. In ta ce a bar mata shi, na bar shi."

Kaka ya ce, "To, kin ji."

Inna ta ce, "Ɗansa ne. Ni me zan yi da shi?"

Wallahi maganar nan ta ƙona ni. Na ƙulle kayana, na ƙi karɓar dakuwar da ta aiko min, na haye bayan keke ban waiwaya ba. Abin da yaro bai sani ba, ni ne ɗanta na fari. Ko sunana ba ta faɗa, balle ta buɗe baki gaban mahaifinta ta ce tana so na. Su mazan sun san da wannan kunyar sarai, amma suka tambaye ta a zaure.

Shekara huɗu ina fushi, na ƙi taka Kahu, sai da ƙanwar Inna ta zo har Rano ta ja kunnena. Da na shiga gidan, Inna ta kau da kai ta ce da ita, "Baƙon nan ya ci abinci kuwa?" Sai aka kawo min tuwo a ɗan akushina na dā, a wanke tas, don kullum sai ta wanke shi.

Tun daga nan na koyi abu ɗaya. Yanzu da na tsufa, in aka kira ni sasanta rikicin riƙon yaro, ba na tambayar uwa a gaban maza. Mace nake turawa cikin ɗaki ta jiyo min.