Ranar da Kawu Ilu Ya Ba Ni Makulli

Duk wanda ya zauna a layinmu na Mpape ya san Kawu Ilu, ƙanin mahaifiyata, ba ya tayar da mota sai ya tayar da unguwa. Zai danne birki da ƙafar hagu, ya taka totur da ta dama, mota ta yi ta gurnani a tsaye, sannan ya sake ta ta zabura kamar an tsikari jaki.

Asalin abin, wani bakanike ne a Apo ya ɗaura masa kwambata ta motar tsere, wato wannan ƙarfen na cikin giya otomatik da ke kai ƙarfin inji ga taya. Irin ta tsere ba ta kamawa sai inji ya yi ihu. Bakaniken da kansa ya ce masa, "Oga, wannan ba na goslo ba ne fa." Kawu ya ce ai shi ma ba ɗan goslo ba ne, zama ne ya kama shi. Mutumin da iyakar tafiyarsa daga gida zuwa shagonsa na fenti!

Ni kuwa babban burina a duniya ya ba ni tuƙin motar nan. Ga ni da mata da 'ya'ya, gemu har ya fara furfura, amma kullum amsarsa ɗaya ce: wai ƙafata ta keken ɗinki ce. Muƙamin da na samu shi ne riƙon jarka. Da mun shiga cunkoso giya ta ɗau zafi ta fara ƙauri, sai in fito sanye da babbar rigata ina kwarara ruwa a ƙarƙashin mota, 'yan acaɓa suna yi mini sannu da aiki. Kuma don rashin zuciya, gobe ma ni ne a gaba.

Wata rana muka ciko but ɗin mota da doya daga Yangoji. A hawan Mpape inji yana ta kururuwa, mota tana rarrafe, har wani mai baro ya wuce mu. Na sunkuyar da kai na ce Kawu, an wuce mu fa. Ko kallona bai yi ba ya ce, "Ya wuce mu, amma wa ya ji zuwansa?"

Ranar da ciwon ƙirji ya kayar da shi, da hantsi, ya miƙo mini makulli. Wallahi na rasa murna zan yi ko kuka. Aka kwantar da shi a kujerar baya, ni kuma ina lallaɓa totur don kada in jijjiga shi. Mota ta yi ta gunaguni, da ƙyar take motsi, gumi ya jiƙa ni sharkaf, ga numfashinsa yana sama-sama. Sai na ji muryarsa can ƙasa-ƙasa:

"Habu, taka mata mana. Ba gawa ka ɗauko ba tukuna."

Na rufe ido na taka. Saura ƙiris in kwashi teburin mai lemo, amma mun tafi.

A ƙofar asibiti, ana ɗora shi a keken marasa lafiya, na sunkuya kusa da shi ina jiran yabo, ba kunya. Na miƙa masa makullin, sai ya ture hannuna.

"Tuƙinka ba kyau," in ji shi, "amma ka kawo ni. Riƙe."

Bai fito daga asibitin nan da ransa ba. Ina kewarsa ƙwarai. Allah Ya jiƙan Kawu Ilu, Ya kai haske kabarinsa, Ya sada mu da shi a Aljanna.