Larbar Nura

Shekara shida ke nan da rasuwar ƙanena Nura, amma har yau idan firinta ta fito da rahoton shagunanmu, kalmar farko da ke saman takardar tasa ce. Ina kewarsa, ina yi masa addu'a, kuma ina jin kishinsa. Na san kishin mamaci ba abin faɗa a jarida ba ne, to amma haka zuciyata take.

Mahaifinmu yana da shagunan taki da iri a Kaura Namoda da Shinkafi da Zurmi. Ni na kawo manhajar da ke haɗa rahoton cinikinsu. Na sha wuya wata da watanni ina shigar da sunan kowane kaya, ina bin hanyar Zurmi a kan babur don in koya wa masu tsaron shago. Nura kuwa yana gefe yana ɓare gyaɗa yana tsokanata, wai na auri kwamfuta ba a gayyace shi ba.

Abu ɗaya ya rage ban gyara ba, don na ɗauke shi ƙarami. Wajen rubuta kwanan wata, manhajar tana bin harshen kwamfutar da take ciki ne. Ta Kaura Turanci take yi, har tana sa wata gaban rana. Ta Shinkafi, wadda aka sayo ta hannu daga Maraɗi, Faransanci take zubawa, sai rahoton ranar kasuwa ya zo da kalmar da ba mai iya furtawa. Baba bai yi boko ba, karanta masa ake yi, kuma tambayarsa ta farko kullum ita ce wace rana ce, domin a wurinsa cinikin Alhamis ta kasuwar Shinkafi ba a auna shi da na sauran ranaku. In na tsaya laluben ranar, sai ya kau da kai.

Wata la'asar Nura ya ja kujerata ya zauna. Ya shiga saiti, ya hana rahoton bin harshen kwamfuta. A lokacin babu Hausa a jerin harsunan, sai dai gurabe da mutum zai rubuta sunayen ranaku da watanni da kansa. Ya cika su yadda muke faɗa a gida: Larba, Assabat.

Na ce masa, "Laraba ake rubutawa."

Ya ce, "Yaya, Baba za a karanta ma, ba malamin makaranta ba."

Washegari na karanta wa Baba. Ya ɗago kai ya ce, "Mi kac ce? Larba? Ashe wanga inji Bazamfare na." Ya yi dariya har da hawaye, ya kira maƙwabcin shago ya zo ya ji. Daga ranar duk wanda ya shigo sai an gaya masa Nura ya koya wa inji magana. Ni da na yi aikin gaba ɗaya ko sau ɗaya ban ji sunana ba. Wallahi abin ya ci mini rai, kuma Nura ya sani, don in mun haɗa ido sai ya ɗaga mini gira.

Zazzaɓi ya ɗauke shi a damina ta gaba. Bai bar mata ba, bai bar ɗa ba.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau, da wayar kowane ɗan acaɓa ke iya Hausa. Ina jin cewa zai yi Hausar ta Kano ce, ya koma kan gyaɗarsa.

Bana kamfanin manhajar ya fito da sabuwa, tsohuwar ta daina aiki. Da na ɗora ta, sunayen da Nura ya rubuta suka goge, amma ga Hausa nan a jerin harsuna, tsaf da ita. Na zaɓe ta, kuma na ji daɗi. Na ce yau dai rahoto ya zama nawa tun daga sama har ƙasa.

Na kai wa Baba a zaure. Idonsa ya yi rauni yanzu, kunnensa ne ke nan daram. Na karanta, "Laraba."

Ya kau da kai. Can ya ce, "Wa yak kai wanga inji Kano?"

Na yi masa bayanin sabuwar manhaja. Bai ce in mayar ba, bai yi faɗa ba. Ya dai ce in bar sauran, ba ya jin sauraro yau. Tun rasuwar ban ga ya tsufa a gabana kamar wannan rana ba.

Na koma shago na nemo guraben, suna nan a ɓoye can ƙasan saiti. Na rubuta sunayen ɗaya bayan ɗaya da hannuna, har da Larbar da na yi musu a kanta.

Abin da ya rage na Nura a duniya ke nan, 'yan kalmomi a saman takarda, kuma su ma yanzu ni na rubuta su. Mako ya zagayo na karanta wa Baba, "Larba." Ya gyara zama, fuskarsa ta saki, ya ce, "Allah ji ƙan Nura, yaron nan ya iya aiki."

Na ce amin, na ci gaba da karatu.