Hasumiyar Pisa a Alkukin Umma

Gidanmu na unguwar Sharafiyya a Jidda a karkace yake. Ba ina nufin 'yar karkacewar da sai an ƙura ido ba. In Umma ta zuba miya a faranti sai ta taru gefe guda, in ƙwallo ya kuɓuce wa yaro kowa ya san lungun da za a same shi. Baba ne ya gina shi da hannunsa, da dutsen teku irin na tsofaffin gidajen Jidda. Wata shekara aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, ƙasa ta jiƙa, ɓangare ɗaya ya zauna, gida ya sunkuya wajen maƙwabcinmu ya tsaya nan bai ƙara ba. Maƙwabcin nan, wani Bahaushen Sudan mai sayar da gawayi, ba ya wucewa sai ya ɗaga kai ya ce, "Mu'allim, gidan nan har yau bai ɗago daga ruku'u ba?"

Da Baba tela ne da abin bai dame shi ba. To magini ne, shi ya sa ake ce masa Mu'allim, kuma gidajen da ya gina wa mutane duk a miƙe suke. Nasa kaɗai ne ya yi masa haka. Ya kan yi dariya in an tsokane shi, amma na sha ganinsa ya zaro igiyarsa mai dalma a baki daga aljihu, ya rataya jikin bango, ya duba, ya mayar.

Da na girma na sami aiki wajen wani attajiri mai shigo da marmara daga Italiya. Lokacin Jidda ta haukace da bulo da siminti, kowa na rushe na dā yana ta da sabo. Ni da Umma muka haɗa kai muka sa Baba gaba a rushe gidanmu a gina sabo. Ni dama ba ni da haƙuri, Umma kuwa ta gaji da tokare tukunya da tsakuwa. Ana cikin haka attajirin ya ce in je Karrara, garin da ake fasa marmara, in tafi da Baba ya zaɓar masa dutse. Ranar da za mu tashi Baba ya ce, "Halas, shi ke nan, kun ci. In mun dawo a rushe shi." Baba kuwa in ya faɗi magana ba ya haɗiye ta. Na yi murna ƙwarai. Shi kuma tun daga Jidda har muka gama aikinmu a Karrara ban ga haƙorinsa ba.

Da aiki ya ƙare, masu marmarar suka ba mu mota da direba mu ga gari kafin mu koma. Direban wani gajere ne mai tumbi, ɗan Italiya haifaffen Tarabulus, yana da Larabci gutsi-gutsi wanda ya fi cika shi da hannu. Matsalar ita ce hannuwan nan su ne ya kamata su riƙe sitiyari. Motar kuwa 'yar ƙarama ce, Baba ya shiga da farar jallabiyarsa gwiwoyinsa na gaisawa da haɓarsa. Muka ɗauki hanya da sassafe, gonakin inabi da zaitun dama da hagu, direba na nuna mana kowane tudu da hannu biyu. Baba bai ga tudu ko ɗaya ba. Salati yake ta yi, jifa-jifa ya ce mini, "Ya waladi, gaya masa ba sauri muke ba, aljanna ba ta cika ba."

Muka fara da birnin Firanze. Direba ya kai mu gaban wata majami'a mai ƙatuwar ƙubba ja, Baba ya ɗaga kai yana kallo har hularsa ta faɗi. Na zaci zai yaba. Sai ya ce, "Wanda ya yi wannan ya yi barci lafiya," ya tsinci hularsa ya kakkaɓe. A wani dandali muka tarar da ƙaton saurayi na marmara tsaye tsirara, jama'a sun kewaye shi har da tsofaffin mata. Baba ya kare fuska da gefen mayafinsa, ya leƙa ta ƙasa ya dubi ƙafafun, ya yarda dutsen mai kyau ne. Sannan ya ce, "Duk dutsen da muka gani a Karrara, a rasa ɗan guntun da za a yi wa yaron nan wando?" Na fassara wa direba, ya yi dariya har ya zauna bakin rijiyar dandalin.

Abin da ya ɗan tsayar da shi gada ce. Tsohuwar gada ce a kan kogi, an gina kantuna a kanta, sun leƙo saman ruwa an tokare su da itatuwa ta ƙasa. Baba ya daɗe yana kallon itatuwan nan. Na ce, "Yalla, mu tafi, Baba, rana na yi." Ya bi ni.

Da azahar muka isa Luka. Garin yana cikin ganuwa, kuma ganuwar tana nan cif, faɗinta ya isa a tuƙa mota a kai, an shuka itatuwa a samanta mutane na yawo da kekuna. Muka hau muka shimfiɗa mayafi a inuwa. Saboda tsoron naman alade, burodi da cuku da tumatir muka saya, muka haɗa da dabinon da Umma ta cusa mana a jaka. Direba ya ci dabinon nan kamar gobe za a hana. Muka haɗa azahar da la'asar a nan kan ganuwa. Da muka sallame Baba ya zauna yana shafa tubalin da tafin hannunsa.

"Mu ma muna da irin wannan," in ji shi. "Jidda duk a cikin ganuwa take, da ƙofofinta. Ina saurayi aka ce a rushe. Ina cikin masu rushewar, muna ta waƙa, aka kwashe duwatsun aka zuba a teku."

Ban taɓa jin wannan daga bakinsa ba. Na ce ai gari ya faɗaɗa, an sami iska. Ya ce, "An samu," ya miƙe ya naɗe mayafi.

Pisa muka bari ƙarshe. Direba ya ƙi gaya mana abin da ke can, sai dai ya sumbaci yatsunsa ya ce za mu gani. Ni na taɓa ganin hoton a kalanda, na yi shiru don in ga yadda Baba zai yi. Muka shiga ta wata ƙofa, ga fili mai ciyawa kore shar, ga fararen gine-gine, ga hasumiya can ƙarshe ta karkace kamar mai leƙen abin da ke tukunyar maƙwabci. A ƙarƙashinta, daidai ɓangaren da ta sunkuyo, mutane ne kwance kan ciyawa, wasu na cin abinci, wata mata na ba jariri nono.

Baba ya tsaya cik. Ya zaro igiyarsa, ya ɗaga ta a gaban ido ɗaya, ya dubi igiya ya dubi hasumiya. Kafin in ankara ya tattare jallabiya ya ruga.

A lungunan tsohuwar Jidda, in bango ya fara sunkuyowa, duk wanda ya fara gani wajibinsa ne ya yi kururuwa ya kori mutane, musamman in magini ne. Abin da Baba ya yi ke nan. Yana karkaɗa mayafi yana ihu, "Ib'idu! Ku matsa! Ya jama'a za ta faɗi!" Ya tashi wasu samari biyu daga barci, ya ɗauke wa matar nan kwandonta ya yi gaba da shi don ta biyo shi, ta kuwa biyo shi tana zazzaga masa Italiyanci. Wani dogon Bature ya ɗaga kyamara ya ɗauke shi hoto. Ni kunya ta rufe ni, na rasa inda zan sa kaina, direba kuwa ya riƙe ciki yana hawaye, ba shi da wani amfani. Sai da ɗan sanda ya iso sannan ya daure ya yi bayani.

Ta bakin direba ɗan sandan ya gaya wa Baba cewa tun ana ginin hasumiyar nan ta karkace, ƙasa ce ta zauna a gefe guda, kuma ɗaruruwan shekaru ke nan tana haka.

"Ƙasa ce ta zauna?" in ji Baba.

Aka ce ƙasa ce.

"Ba su rushe ba?"

Ɗan sandan ya dube shi kamar ya zagi uwarsa. Direba ya ce duk mutanen nan daga ƙasashen duniya suka zo, kuma karkacewar suka zo gani, da a miƙe take da ba wanda zai taka ƙafarsa nan.

Baba ya mayar wa matar kwandonta, ya ba ta haƙuri da Hausa, ya zuba mata sauran dabinonmu a ciki. Sannan ya juyo ya ce mini, "Ana hawa?"

Ana hawa. Matakalar tana zagayawa ta ciki, an tattake ta har ta yi santsi, kuma saboda karkacewar sai ta jefa mutum bangon dama, in ya zagayo ta jefa shi na hagu. Turawa na ta tangaɗi kamar 'yan maye, direba ya rungumi bango yana kiran waliyyansu ɗaya bayan ɗaya. Ni da Baba kuwa muka wuce su sumul. Ban ma lura ba sai da muka yi nisa: ƙafafunmu sun san abin. A irin wannan daɓen na koyi tafiya. Baba ya waiwayo ya dube ni, na dube shi, muka fashe da dariya a tsakiyar matakala har Turawa suka tsaya suna kallonmu. Rabona da in ji wannan dariyar tasa tun kafin maganar rushe gida.

A sama iska na kaɗawa, ana hango jajayen rufin gari da duwatsu can nesa. Baba ya dafa marmarar ya ce, "Allah ya ji ƙan maginin nan da abin da ya sha a bakin maƙwabta." Na ce, "Baba, ba Musulmi ba ne." Ya ce, "Magini ne dai."

Da muka sauko ya sayi 'yar hasumiya ta farar ƙasa, tsawonta bai wuce tafin hannu ba, karkatacciya kamar uwarta. A hanyar Karrara rana na faɗuwa cikin teku, direba na tuƙi da hannu ɗaya yana waƙa, Baba bai yi salati ko sau ɗaya ba. 'Yar hasumiyar na kan cinyarsa. Bai ta da maganar gida ba, ni ma ban tayar ba, amma na san alkawarinsa na nan, kuma a karon farko na ji ba na son ya cika shi.

Mun dawo Jidda, zafi ya tarbe mu. Maƙwabci na ƙofa da tambayarsa ta ruku'u, ya ƙara da cewa ya ji za a kawo masu guduma. Baba ya ce haka ne. Muka shiga, aka sha shayi, aka raba tsaraba. Daga ƙarshe Baba ya zaro 'yar hasumiyar ya miƙa wa Umma, na ba ta labarin ihu da kwando da ɗan sanda, ta yi dariya har ta shaƙe. Ta tashi ta ɗora ta a alkuki inda take ajiye fitila, ta juya ta nan, ta juya ta can, ta ja da baya ta duba.

"Wai wannan ce karkatacciyar?" in ji ta. "Ai a miƙe take."

Muka taso muka duba. Hasumiya ta karkace gabas, gida ya karkace yamma, sun biya juna. Baba ya zaro igiyarsa ya ɗaga. A miƙe take sak. Ya zauna a kan tabarma yana dariya, sai dariyar ta juye, ya rufe fuska da mayafi. Tausayinsa ya kama ni.

Umma ta dube shi. Sannan ta ce, "Mu'allim, ni na sa ka yi alkawari, ni na yafe. In aka rushe gidan nan, ina zan ajiye abin nan ya tsaya daidai?"

Washegari Baba ya fita da sassafe ya sayo itatuwa masu kauri, ya tokare bangon ta waje irin yadda ya gani a gadar Firanze. Maƙwabci ya fito ya ga aiki, ya buɗe baki zai yi tambayarsa, Baba ya riga shi. Ya ce, "Shigo ka sha shayi, ya shekh. Akwai abin da zan nuna maka a alkuki."