Motar asibitin da aka ce ta lalace

Ranar addu'ar ukun maigidana, zamanin muna Jihar Sakkwato, kansilanmu ya zo gaisuwa cikin motar asibitin ƙaramar hukuma. Ita muka roƙa a kai Malam Birnin Kebbi, aka ce ta lalace. A amalanke muka ɗauke shi, a hanya ya cika.

Ina takaba, amma na fito ƙofar gida, mata na riƙe ni. Motar cike take da buhunan albasa.

Na ce, "Ranka shi daɗe, ba ita kunka ce ta lalace ba?"

Ya ce, "Baiwar Allah, kwana ne ya ƙare."

"Kwanan Malam ya ƙare, na yarda. Motar nike tambaya."

Maza suka sunkuyar da kai, kansilan ya tafi bai amsa ba.

Jama'a, a garinku wa ake tambaya ya ba da amsa?