Gidan Rina a Rumbun Albasata

Jama'a, yau maƙwabcina Ɗanjuma ya gane kurensa!

Wasu ma'aikata suka zo Aliero, wai suna auna wanda ya iya sana'a don a tallafa masa. Suka tambaye ni, na ce, "Muna dai lallaɓawa." Wa zai yabi kasuwarsa baki ya kama shi? Suka wuce ni!

Ɗanjuma kuwa ya ja su har rumbun albasata, a gabana ya ce, "Wanga nawa ne."

Shugabarsu ta ce, "Buɗe mu gani."

Wata biyu ina kauce wa gidan rina a jinkar gabas. Na ce, "Mai rumbu, ta gabas ya fi sauƙi."

Ya cusa hannu. Ihu! Gudu! Hula a ƙasa!

Daga bayan motarsu, inda ta ɓuya, shugabar ta dube ni, ta ɗaga biro: "Malam, ashe rumbunka ne! Ya sunanka?"