Tayar Gaban Kawu Sha-Shida

Ku da kuka san Kawu Alhassan kun san ba ya amsa sallamar mai babur sai ya gama da tayarsa. Ka tsaya ƙofar gidansa a Keita, ka yi sallama har sau biyu, shi kuwa yana tsugune yana danna robar tayarka da babban yatsa. Sai ya miƙe ya kakkaɓe hannu ya ce, "Wa alaikumus salam. Iska ta yi maka kaɗan." Har liman bai tsira ba.

Babur ɗinsa ja ne, irin na tsere, ya saye shi hannun wani Bature da suka yi aikin jera duwatsu da dashen itatuwa tare a furoje. Tayar baya inci sha takwas ce, ana samunta. Ta gaba kuwa sha shida ce, kuma duk Adar babu mai irinta. Daga nan sunan Sha-Shida ya bi shi, don kowace kasuwa ya shiga tambayarsa ɗaya: "Akwai sha shida?"

Ran kasuwar Bangi wani mai kayan babura ya ɗauko masa wata mai manyan haƙora, irin ta shiga daji, ya ce, "Baba, canza ƙarhen gaba gaba ɗai, ka sa wagga. Ita ka tahiya bisa duwatsunmu."

Kawu ya juya ta, ya sake juyawa. "Wanda ya ƙera abin nan ya hi ka karatu?"

"Ya hi ni, Baba."

"Ya hi ni ni ma. To mu biyu mi za mu gyara mai?"

Maganar duwatsu kuwa, yana da tasa dabarar. Da zarar hanya ta yi tsakuwa mai kaifi sai ya kashe inji, ya sauka, ya tura. A hanyar Buza wata tsohuwa a kan jaki ta wuce shi, ta je ta sayar da kukarta, ta dawo ta iske shi yana zufa. Ta ce, "Malam, mai ya ƙare?" Ya ce, "Mai na nan, Inna. Taya nika tattali." Ta dube shi ta ce, "Allah shi ba ka lahiya." Da wannan turi ya ja taya ɗaya shekaru masu yawa, wallahi har zare ya fito.

Shekarar da tayar ta mutu murus, a shekarar ne idonsa ya fara. Likita a Tawa ya gaya masa irin ciwon ne da ba ya komawa baya. Kawu ya ɗora gaban babur a kan bulo, ya kira ni. Ni Idi ɗan ƙanwarsa ne, ina jan babbar mota da albasa daga Madawa zuwa Kwatano. Ya ce, "Ɗari, casa'in, sha shida. Hwaɗi, tsawo, da ƙarhe. Ka nemo mani tun ina ganin hanya."

Na ce to. Amma kun san direba: a sauke kaya, a yi barci, a juyo. Tafiya uku ina ce masa babu, alhali ban nema ba. A ta huɗu kunya ta ishe ni, na tsaya bakin hanya na sayi wata sha shida ta ƙaramin babur, mai faɗin tamanin. A raina na ce ai lambobin ƙanana ne, ba zai iya karantawa ba. Wannan tunanin har yau in ya zo mini sai abinci ya fita raina.

Ya karɓa da murna, ya aza ta a cinya, ya shafa ta da tafin hannu tun daga wannan gefe zuwa wancan. Sai ya ce:

"Idi, ta rage yatsa guda."

"Haba Kawu, ita ce hwa!"

"Idona ya tahi, ɗana, hannuna na nan. Wagga in na kwanta da ita cikin kwana, sai dai a kwaso ni." Ya miƙo mini ita. "Kai wa mai baro."

Bai yi faɗa ba, kuma da ya yi da na fi samun sauƙi. A tafiya ta gaba na kwana biyu ina yawo a shagunan Kwatano, na same ta a wurin wani tsoho, sabuwa fil, lamba daidai. Kwana biyu kacal abin ya ci. Amma kafin nan damina ta wuce, kuma Kawu ya daina bambanta mutum da itace.

Shi ya sa ta da hannunsa, bai yarda mai faci ya taɓa ba. Sannan ya miƙo mini makulli, abin da bai taɓa yi wa ɗan Adam ba, ya hau baya ya riƙe rigata. Muka fita gari, muka kama gangaren tudu. Da muka doshi babbar kwana na fara taka birki, sai na ji duka a kafaɗa.

"Saki, matsoraci! Kwanta mata!"

Na kwanta, babur ya zagaye kwanar sumul. Ya kai bakinsa kusa da kunnena yana dariya kamar yaro: "Ka ji? Ka ji yadda ta kama ƙasa?"

Na ji, Kawu. Kuma na san kai ya kamata ka riƙe kan babur ɗin nan, da na nema tun ranar da ka aike ni. Bai taɓa tayar mini da maganar ba har ya koma ga Mahaliccinsa bara da rani.

Allah ya jiƙan Kawu Alhassan, ya haskaka masa kabarinsa, ya mayar masa da ganinsa a gidan Aljanna. Ni kuma Allah ya sa ya yafe mini daminar nan da na cinye masa. Amin.